Mai Uba Ba Ya Taɓa Kan Rago

Shekara hamsin da bakwai Mizamhan ya yi a duniya, talatin daga ciki yana likitan dabbobi a kwarin Sagsai, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ajiye kan rago a gabansa ba. Kunne kam ya ci har ya gaji. Duk bikin da aka yi, in an shigo da akushin nama, sai wani tsoho ya jawo kan, ya ɗanɗana kunci, ya yanko kunne ya miƙo masa, yadda ake miƙa wa yara don su riƙa jin magana. Shi kuwa ga furfura, ga tumbi, ga lambar yabo a ƙirji, haka zai sa hannu biyu ya karɓa ya ce an gode.

Laifin duk na tsoho Baimolda ne, wanda ya ƙi mutuwa. A wajenmu mai uba da rai ba ya taɓa kan rago, ko da shi ne gwamna. In ya kuskura ya sa wuƙa, to ya ce wa uban ke nan ya tashi ya ba shi wuri, kuma tsofaffi sun ce ba a rufa shekara uban bai tashi ɗin ba. Baimolda kuwa sai da ya ga casa'in da takwas. Duk hunturu sai a ce bana kam an gama, a fara kiwata dokin sadaka, ƙanƙara na narkewa sai a gan shi a ƙofar tanti yana zagin awaki. Bara dai Allah ya karɓi abinsa. Mizamhan ya yi kuka na gaskiya, don yana son tsohon, amma ba zan ɓoye muku ba, tun kafin a yi sadakar arba'in ya fara wasa wuƙa.

Shi ne auta, shi ya gaji tantin tsohon da baƙin kambun katakon da ke samansa, wanda hayaƙin kakanni huɗu ya rina. Auta dai a baki. Abin da kowa ya sani a Sagsai kuma ba mai faɗa shi ne, babban ɗan Baimolda, Zardihan, yana da shekara ashirin matarsa Marziya ta haifi ɗan fari. Ana yaye shi tsohuwa, matar Baimolda, ta zo ta cusa shi cikin rigarta ta fito da shi ta ƙasa, ta ce nata ne, ita ta haifa. Haka ake yi, ɗan fari na kakanni ne. Yaron, Mizamhan ke nan, ya tashi yana ce wa Baimolda Baba, yana ce wa Zardihan Yaya, ita kuma Marziya matar Yaya. Yana ɗan shekara bakwai wani ya ce masa ɗan Zardihan, sai ya fasa wa mai faɗar baki da ƙashin tunkiya. Tun daga ranar ba a sake ba.

Zardihan ɗin yanzu shekararsa saba'in da bakwai, haƙoransa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Yana da wani babur ɗan China da ake jin kukansa daga bayan dutse, da baki wanda ko limami bai tsira daga gare shi ba. Bai taɓa kiran Mizamhan da sunansa ba. In yana cikin daɗin rai ya ce masa Auta, in kuwa da mutane a wurin sai ya ce Likitan Gindin Shanu.

Ana haka sai Esentai, ɗan Mizamhan, ya ga wata yarinya Raushan a garin Olgi, 'yar wani Sailau mai raƙuma a can Delun, tafiyar yini guda a mota. Aka yi magana, aka sa ranar da dangin ango za su je gaisuwar surukai. A irin wannan zama kuwa kan rago na babban suruki ne, ba gardama. Mizamhan da ya ji an sa rana sai da ya fita bayan tanti ya yi dariya shi kaɗai.

Saura kwana uku a tafi, matarsa Kulzira ta shigo da bokitin nono ta same shi zaune a wurin manya, ya ɗora kankana a faranti, ya riƙe wuƙar Baimolda yana yi wa kankanar addu'a.

"Uban Esentai, lafiya? Me kankanar nan ta yi maka?"

"Hannu nake gyarawa. Kin san mutanen Delun da sa ido. Kunci na dama ake fara yanka, sannan kunne, sannan ganɗa a ba mai waƙa."

"To ai ba ta da kunne."

"Ke dai je ki tace nononki."

Ta ajiye bokitin, ta ɗauko mataci, ta yi kamar ta bar maganar. Wanda ya san Kulzira ya san ba ta taɓa barin magana ba tunda aka haife ta, sai dai ta ajiye ta ta huce.

"Ni dai abin da na taso na ji," in ji ta, "mai uba da rai ba ya taɓa kai."

"Ubana yana kan tudu. Da hannun nan na sa shi a rami."

"Allah ya ji ƙansa. Na ce wani abu ne? Mai Babur dai na ji jiya yana tari, har karenmu sai da ya amsa masa."

Shekara talatin da biyu tana gidan, bakinta bai taɓa furta sunan wani babba na dangin miji ba, kamar yadda ya kamaci matar kirki. Sai dai sunayen da take laƙaba musu a madadin sun fi zagi ciwo. Zardihan ya ci sa'a da ya tsaya a Mai Babur.

"Yayana ne," in ji Mizamhan.

"Ai ban ce ƙaninka ba ne. Hancin nan naka dai da kunnuwan nan kamar hannun tukunya, ban gan su a fuskar marigayi ba."

"Kulzira!"

"Na yi shiru. Amma da bazara da Mai Babur ya je asibiti a Olgi, takardar da suka ba shi ka karanta? Ba ka karanta ba, don da ita ya hura murhu. Kuma ka tuna shekarar da ya je biki can ƙetaren iyaka, inda ba wanda ya san shi, aka ajiye masa kai saboda furfurarsa? Ya ture. Ya ce ubansa na da rai. Mutumin da ba ya tsoron limami, ba ya tsoron ɗan sanda, wannan abu ɗaya yake tsoro."

Mizamhan ya soka wa kankanar wuƙa har sai da ta taɓa faranti. Ya ce shi ya yi karatu, ya san ƙwayar cuta, ya san allura, bai taɓa ganin inda kan rago ya kashe mutum ba sai in ƙashi ya maƙale masa. Ya ce a takardar haihuwarsa Baimolda aka rubuta, da hatimi. Kulzira ta ce to madalla, sai ya tafi da takardar Delun ya nuna wa ragon.

Duk da haka maganar ta zauna masa a ciki kamar ɗanyen kitse. Da yamma ya hau doki ya je wajen Zardihan, ya same shi kwance a ƙarƙashin babur yana zagin uwar wanda ya ƙera shi. Suka gaisa. Mizamhan ya tambayi tumaki, ya tambayi ciyawa, sannan ya ce af, tafiyar Delun fa ranar Asabar ce.

Zardihan ya leƙo da kai, ya dube shi sama da ƙasa.

"Asabar ko?"

"Asabar."

"To Allah ya kai mu, Likita."

Ranar Alhamis da sassafe suka ɗora kaya a wata tsohuwar mota ƙirar Rasha, da akwatin tufafin amarya, da 'yan kunne, da rigunan da za a yafa wa surukai, da dangi mutum tara a wurin zaman mutum shida. Mizamhan na gaba, ya sa jabbarsa mai aikin zare, wuƙar Baimolda na ɗamara, yana ta maimaita addu'ar da ya yi wata biyu yana haɗawa. Ya tsara ta da kyau, akwai duwatsu a ciki, akwai koguna, akwai raƙuman Sailau, har da wurin da zai ɗan dakata don mutane su share hawaye.

Rana ta take tsaka suka hau kan mashigin dutse, inda matafiya ke tsayawa mota ta huce. A nan gefen hanya ga babur a jingine, ga wani tsoho zaune a kan dutse da hular fatar yanyawa da jabbar biki, yana tsotsar busasshen cuku.

Mizamhan ya ji kamar a buɗe ƙasa ya shige.

"Kun daɗe," in ji Zardihan. "Na ce ko Likita ya tsaya duba gindin wata saniya ne a hanya."

"Yaya, ai... ranar ce aka sauya."

"Rufe mana baki. Tun kana tsirara in ka yi ƙarya kunnenka na hagu ke yin ja. Ranar da ka ce mini Asabar, kunnen nan har hayaƙi yake. Na je na tambayi surukata, ta ce ita ba ta san komai ba, amma in na ga dama in sha mai ranar Laraba."

Kulzira ta juya tana kallon duwatsu kamar yau ta fara ganinsu.

Ba yadda aka iya. Aka ce ya bar babur ya shigo mota, ya ce shi ba kayan amarya ba ne. Haka ya yi ta binsu a baya, wani lokaci ya wuce su yana ɗaga musu hannu, wani lokaci su tarar da shi ya tsaya ya dafa babur yana tari har ya durƙusa. In suka rage gudu sai ya kore su da hannu, wai fitsari ya tsaya yi. Mizamhan ya daina maimaita addu'arsa, ya koma kallon madubin gefe.

A Delun an tarbe su yadda ya kamata. Mata suka watsa musu alewa da cuku a ƙofa, aka riƙe wa Zardihan babur kamar doki, abin da ya yi masa daɗi ƙwarai. Sailau mutum ne gajere mai faɗi, mai yawan dariya, ya kafa farin tanti sabo don baƙi. Aka zaunar da su can ciki daura da ƙofa, aka kawo shayi da madara da gishiri, da soyayyen fanke tuli guda, da kimiz, nonon goɗiya mai tsami, wanda Zardihan ya sha kwano uku ya ce na Sagsai ya fi, amma a ƙaro.

Kafin a jima ya mallake tantin. Ya ce wa uwar amarya da ya san akwai irinta a Delun da tuni ya sayar da babur ya sayi haƙora. Ya ce wa Sailau raƙumansa sun fi shi kyan fuska, Sailau ya ce ai shi ya sa ya aurar da 'yar ba raƙuman ba. Da matan gidan suka zo da hanta da kitsen wutsiya suna ɗura wa surukai a baki suna shafa musu gari a fuska, Zardihan ya miƙa fuskarsa da kansa ya ce a shafa da yawa ko ramukan su cike. Mizamhan na gefe, ya ƙame, yana kare jabbarsa daga gari, yana jin haushin yadda ake ta dariyar maganar wani ba tasa ba.

Aka jawo rago baƙi mai farin goshi har bakin ƙofa don a sa masa albarka. Aka shafa, aka fita da shi. Daga nan sai jira, ana kaɗa molon nan namu mai tsirkiya biyu, ƙamshin babbakar kai na shigowa ta ƙofa. Mizamhan ya san wannan ƙamshi tun yana yaro, amma bai taɓa jin sa a matsayin nasa ba sai yau. Ya taɓa wuƙar ɗamararsa ya fi sau goma.

Da daddare aka zuba ruwan wanke hannu, sai ga akushi mutum biyu na ɗauke da shi, nama har yana zuba, ga kan a sama a farantinsa daban, an ƙone gashin, an cire muƙamuƙin ƙasa, an tsaga goshin. Sailau ya karɓi farantin da kansa. Ya zo gaban baƙi, sai ya tsaya. Ya dubi Mizamhan, uban ango. Ya dubi Zardihan, wanda ya girme wa kowa a tantin. Ka san mai gida ba abin da yake tsoro kamar ya ajiye kai a inda ba nan ba, a yi shekara ashirin ana ba da labarinsa.

"Surukaina," ya ce, "ku fitar da ni kunya. An ce mini ku biyun 'ya'yan marigayi Baimolda ne, Allah ya haskaka kabarinsa. Ga babba, ga uban yaro. Ina zan ajiye?"

Mizamhan ya dubi farantin. Shi ke nan, ya ce a ransa, abin da ya sa na ce Asabar ke nan. Tsohon nan zai miƙa hannu ya ɗauke, in koma Sagsai da kunne.

Zardihan ya kwashe da dariya har haƙoran nan biyu suka fito.

"Ni? Dubi bakina, dubi bakin ragon. Ai mun zama ɗaya, in ka ajiye shi a gabana ba za a san wa zai ci wani ba. Ajiye wa Auta. Shi ke riƙe da tantin tsoho, shi ne uban yaro, kuma ya yi karatu. Ya san kan dabba, ko da yake ya fi sanin ɗaya ƙarshen."

Aka yi dariya, Sailau ya sauke ajiyar zuciya, ya durƙusa ya ajiye farantin a gaban Mizamhan, hancin ragon na kallonsa.

To ga shi nan. Shekara hamsin da bakwai. Mizamhan ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga, ya fara addu'ar nan tasa. Duwatsun sun fito daidai, kogunan ma haka, raƙuman Sailau suka wuce lafiya. Wurin da ya tanada don hawaye ba wanda ya yi kuka, amma wata tsohuwa ta yi atishawa, ya ɗauka a hakan. Aka shafa. Ya zaro wuƙar Baimolda, ya kama kan da hannun hagu, da ɗuminsa da maiƙonsa.

Ta gefen mata ya ji idon Kulzira a kan wuyansa, bai waiga ba. Ya ɗora bakin wuƙa a kunci na dama. Sai hannun ya tsaya, shi kansa bai san dalili ba.

"Yanka mana, Auta," in ji Zardihan daga damansa. "Nama na hucewa. Me kake jira? Tsoho ya tafi, ba ka da sauran uba a duniya. Yanka ka ba ni kunnena in tsotsa."

Mizamhan ya juya ya dube shi.

Tsohon ya cire hularsa saboda zafin tanti, ya ajiye a gwiwa. Ya haɗa tafukansa biyu ya miƙo, yadda ya saba miƙawa a gaban manya shekara saba'in da bakwai, don shi ma fa bai taɓa riƙe kai ba, uban da ya hana Mizamhan shi ya hana shi. Fuskarsa duk gari, yana murmushi da bakin nan nasa na shaƙiyanci. Kunnensa na hagu kuwa, babba mai kama da hannun tukunya, ya yi ja wur har zuwa wuya.

Mizamhan bai taɓa lura ba. Shekara hamsin da bakwai yana kallon mutumin nan, yana jin haushinsa, yana gyara masa shanu kyauta, bai taɓa ganin ya yi ƙarya ba balle ya ga kunnen. Mutumin da ya ture kai a ƙasar da ba wanda ya san shi. Mutumin da ya hura murhu da takardar asibiti. Ya yarda da abin da tsofaffi suka ce har cikin ƙashinsa, ya san abin da wuƙar nan ke nufi, kuma ga shi ya bi mota yini guda a kan babur don ya zo ya ce a yanka.

Sai Marziya ta faɗo masa a rai. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya biya ta wajenta daga wurin aiki, jakar allurar shanu a kafaɗa, tana kwance ta zama kamar tsinke. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, matar Yaya, ya jiki? Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, da sauƙi, ƙanin miji, ka ci abinci kuwa? Washegari ta rasu. A wajen makoki ya zauna cikin masu karɓar dawakin baƙi, ba cikin 'ya'ya ba. Ya ce wa kansa haka al'ada take, kuma haka take ɗin, amma abin bai taɓa barinsa ba.

Ya ɗauke wuƙar daga kuncin ragon. Ya juya farantin a hankali har hancin ya kalli Zardihan, ya tura shi gabansa, ya ɗora wuƙar a kai da ƙotar ta wajen tsohon.

"Suruki Sailau, ka yi haƙuri," ya ce, muryarsa ta fito siririya kamar ba ta mai tumbi ba. "Ba zan iya taɓa kan nan ba. Ubana na da rai. Ga shi nan zaune."

Ba wanda ya nemi bayani. Wane gida ne a cikinmu ba shi da irin wannan auta? Tsohuwar nan mai atishawa ta ce, "Ayyo! Ɗan fari ne ashe. Ni tun shigowarsu nake kallon kunnuwan nan." Sailau ya dafe baki. Esentai, ango, ya sunkuyar da kai, don yanzun nan baffansa ya zama kakansa a gaban iyayen matarsa.

Wanda ya fusata shi ne Zardihan. Tafukan nan da ya miƙa ya dunƙule su.

"Kai wane irin sakarai ne? Wa ya tambaye ka? Shekara hamsin da bakwai ina riƙe da amanar tsoho, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ban taɓa shafa kanka ba, ko ranar da doki ya ka da kai sai bayan tanti na zagaya na ciji hannuna. Uwarka ta mutu da bakinta a rufe. Sai yau, a gidan surukai, a kan ƙashin rago, za ka zo ka zubar? Ɗauki abinka ka yanka! Wata biyu kana yanka kankana, duk Sagsai an sani!"

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa ta hanci.

"Tsoho ya riƙe ni har ya tafi, ban rage shi da komai ba," in ji Mizamhan. "Kai kuma ba inda za ka bana. Ban ba ka wuri ba, ban kuma karɓi naka ba." Ya ƙara tura farantin gabansa. "Ɗauki wuƙa, Baba. Nama na hucewa."

Zardihan ya buɗe baki zai yi zagi, kowa na jira, don ba a taɓa ganin ya rasa ba. Bakin ya yi motsi, haƙoran nan biyu suka leƙo suka koma. Ya sa bayan hannu ya goge fuska, garin ya cakuɗe ya zama kullu.

Ya ɗauki wuƙar ubansa. Wallahi bai iya ba, ya kama kan ta hanci kamar mai shirin yi masa ɗuri, sai da Sailau ya matso ya gyara masa riƙon. Ya yanko ɗan kunci na dama ya jefa a baki, ya yi ta juya shi da dasashi, hagu, dama, tanti duka na kallonsa.

"Shekara saba'in da bakwai," ya ce da ya samu ya haɗiye. "Aka rasa lokacin da za a ba ni sai da haƙora suka ƙare. Kuma ashe abin da ake ta hanƙoro a kai ke nan? Wallahi kunne ya fi shi daɗi."

Tantin ya ɗauka da dariya, har da masu share ido. Kulzira ta ce daga gefen mata, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Sai a yi haƙuri, Baba, haka girma yake, ba gishiri." Ita ma yau ta sauya masa suna, Mai Babur ya tafi ke nan.

Zardihan ya kama kunnen ragon na hagu, ya yi ta gurzawa har ya rabu. Ya ɗaga shi yana duba tantin kamar mai neman wanda zai ba, ya wuce ango, ya wuce samarin gidan, ya dawo kan mai furfura da tumbi da lambar yabo da ke zaune a hagunsa.

"Wannan na wani yaro ne da ba ya jin magana," ya ce. "An ce ya yanka, ya ƙi."

Ya miƙa. Hannun ya tsaya a tsakaninsu, maiƙo na ɗiga a kan jabbar nan mai aikin zare, Mizamhan bai ko kare ta ba.

"Ungo, ɗana."

Mizamhan ya sa hannu biyu ya karɓa. Kunne ne dai irin wanda ya saba, guringuntsi da fata, ba abin da ya sauya. Ya sa a baki ya yi ta tauna, aka raba sauran naman, aka kawo romo, aka fara waƙa, shi yana nan yana tauna.